JIRAGEN GAS A KOGIN BONNY: WA YA GAYA WA MAI KWALEKWALE?

A cikin watan Oktoba 1999 ne jirgi na farko ya ɗaga daga tsibirin Bonny, a Jihar Ribas, ɗauke da iskar gas da aka mayar ruwa, ya nufi ƙasar Faransa. Tun daga ran nan manyan jiragen dakon gas ba su fasa shiga da fita ta bakin Kogin Bonny ba, kuma ruwa guda su ke ratsawa da masunta masu shimfiɗa taru, da masu fito ɗauke da fasinja, da fataken da ke ƙetarawa da albasa da doya da tumatir. An yi tanadi mai yawa domin lafiyar waɗannan jirage, ba mai musun wannan. Abin da ya wajaba a faɗa, a kuma faɗa da ƙarfi, shi ne kusan dukan tanadin nan da babban jirgi ya ke magana. Mai kwalekwale, wanda shi ne zai fara halaka in abu ya ɓaci, shi ne na ƙarshe da labari ke isa kunnensa, in ma ya isa.

Ɗan Arewa mazaunin Fatakwal ko Ikko ko Warri yana iya cewa ina ruwan biri da gada. To, ruwansa ne ƙwarai. Shi ne ke sauke kaya a tasha, shi ne ke gadin ma'ajin mai a Apapa, shi ne direban tankar da ke kwana a layi a bakin gaɓa. Shi ne kuma ke zaune bisa buhunansa a tsakiyar jirgin fito, sau da yawa bai iya iyo ba, domin a garin da ya tashi rijiya ce ruwa mafi zurfi. Mutumin Bonny ko na Okrika a bakin ruwa aka yanke masa cibiya, yana da abin da ya gada na sanin halin kogi. Baƙo ba shi da ko wannan.

Bari a fara da bayyana ko mene ne ke wucewa ta gaban mutane. Kamfanin Nigeria LNG, wanda aka kafa a 1989, ya gina layukan sarrafa gas guda 6 a Finima, inda aka tashi mutanen tsohon gari aka sake musu matsuguni domin a sami filin ginin. Layukan nan shida suna iya fitar da tan miliyan 22 a shekara. Aikinsu shi ne su sanyaya gas har ya kai digiri 162 ƙasa da sifiri, inda ya ke zama ruwa garai-garai, ya takure har sau 600. Watau abin da da zai cika ɗaki 600 sai ya shige ɗaki guda. Da haka ne a ke iya zuba shi a jirgi a kai Turai da Asiya. Jirgi madaidaici yakan ɗauki lita wajen miliyan 150. Direbobin Apapa su yi lissafin da kansu: in tanka guda tana cin lita 33,000, to, jirgi ɗaya ya haɗiye tankoki fiye da 4,500. Tsawonsa ya kusa mita 300, kusan filin ƙwallo uku a jere, gindinsa kuwa yana nutse cikin ruwa kamar mita 11. In masana'antar tana aiki da cikakken ƙarfinta, jirgi fiye da 300 za su yi lodi a shekara, kusan ɗaya ke nan a ko wace rana, kuma ko wanne sai ya shigo kafin ya fita. Wannan ban da jiragen kwantena masu zuwa Onne, da na mai masu zuwa Okrika, da na kaya masu zuwa tashar Fatakwal, dukansu ta ƙofa ɗaya.

Akwai mutane iri biyu da ke ɓata wannan magana, kuma dukansu sun cancanci a tanka musu. Na farko su ne masu ba da tsoro, waɗanda ke bazawa a majalisu da tashoshin mota wai jirgin gas bom ne mai tafiya, ran da ya fashe Fatakwal za ta zama toka. Wannan zance ba shi da tushe. Ruwan gas da ke cikin tanki ba ya kamawa da wuta, domin babu iskar da za ta ciyar da wutar. Ba a kuma danne shi da ƙarfi kamar gas ɗin tukunyar girki ba, sanyi ne kurum ya riƙe shi. Sai ya zube, ya tafasa, ya gauraya da iska daidai gwargwado, tsakanin kashi 5 da kashi 15 cikin ɗari, sa'an nan wuta ke iya cinsa. Jiragen kuma bango biyu gare su, da tazara tsakanin bangon waje da tankin. A 1979 wani jirgi mai suna El Paso Paul Kayser, cike da gas, ya hau kan dutse da gudu kusa da mashigin Jibralta. Gindinsa ya yage, amma tankunan ba su tsiyaye ba, aka juye kayan cikin wani jirgi. Daga 1959, lokacin da Methane Pioneer ya kai lodin farko daga Amurka zuwa Ingila, har shekara sittin bayan haka, ba a sami karo ko kafewa da ya huda tankin irin wannan jirgi ya zubar da kayansa a teku ba. Gaskiya ce, ya kuma kamata a faɗe ta, domin wanda aka tsorata da ƙarya, ran da ya gane ƙarya ce ba zai ƙara sauraron gargaɗi ba.

Na biyu kuwa su suka fi haɗari, domin su ke zaune a ofis: masu ɗaukar wannan kyakkyawan tarihi su yi matashin kai da shi. Tarihin nan ba daga sama ya faɗo ba. An same shi ne saboda masu wannan sana'a sun ɗauki abin da tsoro tun farko, suka tsananta dokoki fiye da na sauran jirage, don sun san abin da gas ɗin ke yi in ya kuɓuce. A garin Cleveland na Amurka, ranar 20 ga Oktoba 1944, tankin ajiya ya tsage saboda ƙarfen da aka ƙera shi da shi bai jure sanyin ba. Ruwan gas ya bi tituna ya shiga magudanai, ya kama wuta, mutum wajen 130 suka mutu. A Skikda ta ƙasar Aljeriya, cikin Janairu 2004, masana'antar sanyaya gas ta fashe ta kashe mutum 27. Duka biyun a tudu suka auku. A kan kogi kuwa, in ya zuba sai ya bazu yana tafasa, farin hazo ya tashi ya kwanta a fuskar ruwa, iska tana kora shi. Ba shi da wari ko kaɗan. Warin da mata suka sani a gas ɗin girki da gangan a ke zuba shi. In hazon ya tarar da wuta, ko ta fitilar masunci ce ko ta bakin taba, sai ta bi shi da baya har inda ya fito. Irin wannan gobara ruwa ba ya kashe ta, zafinta kuma daga nesa ya ke ƙona mutum. Cibiyar bincike ta Sandia, ta gwamnatin Amurka, ta yi awon abin a rahoton da ta fitar a Disamba 2004: in haɗari ne ya huda tanki, mummunar ɓarna tana cikin mita 250, tana raguwa bayan mita 750, in kuwa da gangan aka huda shi, awon ya koma mita 500 da mita 1,600. Duk wanda ya san kogin ya san ko su wa ke samuwa cikin mita 500 na jirgi mai wucewa. Ba manyan ma'aikata ba ne.

Wanda ke son ganin yadda cunkoson ruwa ke jawo bala'i, ya dubi abin da ya faru a gaɓar Tokyo ta ƙasar Japan ranar 9 ga Nuwamba 1974. Wani jirgi mai suna Yuyo Maru na 10 yana shigowa ɗauke da gas irin na girki da kuma nafta, wani mai ne mai saurin kamawa, har da jirgin rakiya a gabansa. Wani jirgin kaya, Pacific Ares, mai ɗauke da ƙarafa, ya gitta ya soke shi a haƙarƙari. Naftar ta zuba ta kama, wuta ta lulluɓe jiragen biyu, mutum 33 suka halaka, yawancinsu ma'aikatan jirgin kayan ne. Aka yi kwana kusan 20 wuta na ci, har dai aka ja gangar jirgin zuwa cikin teku, mayaƙan ruwan Japan suka nutsar da ita da igwa da bama-bamai. Da rana tsaka abin ya auku, ko wane jirgi yana zaton ɗayan ne zai kauce, kuma jirgin rakiya bai hana kome ba. A 1977 Japan ta buɗe ɗakin kula da zirga-zirgar jirage na gaɓar Tokyo. Ihu bayan hari ne, amma dai an yi ihun.

Kwalekwalen katako ba zai huda jirgin gas ba. Karon ƙwai da dutse ne. Haɗarin ta wata fuska ya ke. Jirgin nan ba shi da birki. In aka juya injinsa baya, sai ya ci tafiya mai nisa kafin ya tsaya, in kuma ya rage gudu da yawa sai sitiyarinsa ya daina jin magana, igiyar ruwa da iska su yi yadda suka so da shi. Ba shi da ikon fita daga kwarin da aka yashe masa, wanda aka shata da tulunan alama masu yawo a kan ruwa, domin gefe da gefe babu zurfin da zai ɗauke shi. Ɗakin matuƙi yana can baya, a sama, kuma dokar ƙasashen duniya ta yarda goshin jirgi ya tare wa matuƙi ganin ruwa har mita 500. Jirgi mai tafiyar kilomita 18 a sa'a yana cin mita 300 a minti guda. Ashe ke nan kwalekwalen da injinsa ya mutu a wannan makahon wuri abin da ya rage masa bai kai minti biyu ba, wanda ke sama kuma bai ma san yana nan ba. In kuwa ya hango shi tun da nisa, zaɓi biyu ne gare shi, ba mai daɗi: ya bi ta kan mutane, ko ya karkata ya kafe jirgi cike da gas a bakin kwari, in bai gwabza wa wani jirgin ba. Ko bai taɓa kwalekwalen ba ma, toroƙon ruwan da ya ke tayarwa ya isa ya kifar da jirgin da aka yi wa lodi har baki. Daɗin daɗawa, inji yakan mutu ko a babban jirgi: a Baltimore ta Amurka, cikin Maris 2024, jirgin kwantena mai suna Dali ya rasa lantarki alhali jagororin tasha suna cikinsa, ya rushe gada, ma'aikata 6 suka mutu. Shi ya sa a ke haɗa jirgin gas da jiragen ja, shi ya sa kuma tilas a bar masa fili.

Doka ta san da duk wannan. Ƙa'idojin hana karo a teku na 1972, waɗanda Nijeriya ta amince da su, sun ce a doka ta 9 jirgin da tsawonsa bai kai mita 20 ba, da mai kamun kifi, kada su tare hanyar jirgin da ba ya iya tafiya sai cikin ƙuntataccen mashigi. Sun kuma tsara yadda babban jirgi zai yi magana. Gajeriyar busa sau biyar a jere, ma'anarta matuƙi bai gane abin da na gabansa ke nufi ba, yana ganin karo tafe. Jar fitila uku a tsaye, ɗaya bisa ɗaya, ma'anarta nauyi ya ɗaure jirgin, ba ya iya kaucewa. To, a tsaya a tambaya: cikin masu fito da ke lodi a bakin ruwan Fatakwal, nawa ne aka taɓa zaunar da su aka fassara musu wannan? Na'urar da ke shelar sunan jirgi da inda ya ke wajibi ce a kan jirage masu ƙetare ƙasashe, daga tan 300 zuwa sama. Kwalekwale ba ya cikin lissafin. Rada ƙarfe ta ke gani da kyau, katako da roba kuwa da ƙyar, balle in ruwan sama ya tsuge ko kogi ya hargitse. Kyaftin da jagora da ɗakin kula da zirga-zirga suna ta magana da juna ta oba-oba da Turancin teku, mai kwalekwale kuwa ƙarar injinsa kurum ya ke ji. An gina gida mai kyau, an manta ba a yi masa ƙofa ta wajen talakawa ba.

Za a ce ai taurin kai ne ke damun masu ƙananan jirage, sun sani sarai, ganganci ne. Akwai masu ganganci, babu shakka, za a zo kansu. Amma a tuna wa ya tarar da wani. Mutanen Ibani na Bonny suna fatauci a kogin nan ɗaruruwan shekaru kafin a sami mai a Oloibiri a 1956. Da manyan kwalekwale suka yi cinikin manja da Turawa, daga cikinsu kuma Jaja ya fita a 1869 ya tafi ya kafa Opobo. Kogin nan shi ne gonarsu, shi ne kasuwarsu, shi ne titinsu. Masuncin da ya shimfiɗa taru tun asuba, in aka ce ya janye cikin minti goma, abincin iyalinsa na ranar aka ce ya zubar. Tsaron da ya tsaya ga jiniya da nuna bakin bindiga yana koya wa mutum gudun mai kaki, ba ya koya masa gudun haɗari. Ran da mai kaki ba ya nan, sai ya gitta.

A Boston ta Amurka, inda tashar Everett ke karɓar ruwan gas tun 1971, doka ta ƙayyade cewa in jirgin yana tafiya babu mai kusantarsa mil 2 ta gaba, mil 1 ta baya, da yadi 500 ta ko wane gefe, har babbar gadar da zai bi ta ƙarƙashinta akan tsayar da motoci a kanta. Ba a ce a kwafo wannan awo a dasa a Bonny ba. A inda kogi ya tsuke zai cinye shi gaɓa zuwa gaɓa, kuma mutanen Boston ba da taru su ke ciyar da 'ya'yansu ba. Abin koyi shi ne awon a rubuce ya ke, kowa na iya karantawa, an kuma san hukumar da za a kama in ba a tsare shi ba.

A nan fa gizo ke saƙar. Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa, NPA, ita ke da mashigi da jagorori. NIMASA ke duba lafiyar manyan jirage da tsaronsu. NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lokoja, ita ke da jiragen cikin gida. Ga mayaƙan ruwa, ga 'yan sandan ruwa, ga gwamnatocin jihohi. Babban jirgi yana da iyayen gida, ƙarami yana da nasa, amma daidai wurin da su biyun ke gamuwa, a tsakiyar ruwa, shi ne maraya. Fiye da shekara goma aka yi ana shari'a tsakanin NIWA da gwamnatin Jihar Ikko a kan wa ke da ikon ba masu jirage lasin da karɓar kuɗinsu, sai a Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta ba Gwamnatin Tarayya gaskiya. Shekarar 2013 kuma ta nuna abin da hukuma ke iya yi in ta ga dama. Daga 21 ga Yuni NIMASA ta tare mashigin Bonny, ta hana jiragen gas shiga da fita har wajen mako uku saboda jayayya a kan haraji, sai da kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 140, yana mai cewa bai gamsu ba, aka buɗe hanya, shari'ar kuma ta yi shekaru a kotu. Ba a nan za a yanke wa ke da gaskiya ba. Abin da ya fito fili shi ne hukumar da ta iya tsayar da jirgi mai tsawon mita 300 saboda kuɗin shiga, ba za ta ce ta rasa ƙarfin zaunar da masu fito saboda rai ba.

Haka kuma batun 'yan fashin teku. A ƙarshen Disamba 2019 suka buɗe wa jirgin LNG Lokoja wuta yana kan hanyarsa ta zuwa Bonny, ya dai kuɓuta. A 2020, cikin ma'aikatan jirage 135 da aka sace a duniya, 130 a Mashigin Gini aka sace su. Masu jirage da kamfanonin inshora na ƙasashen waje suka ɗaga murya, sai ga doka ta hukunta fashin teku tun 2019, ga shirin Deep Blue na dala miliyan 195 an ƙaddamar a Ikko cikin Yuni 2021, da jiragen yaƙi da na sama. Fashin ya ragu ƙwarai, yabon gwani ya zama dole. Sai dai abin ya bar baya da ƙura: a idon mai gadin jirgi, duk ƙaramin jirgi mai gudu da ya doso abin zargi ne. Mai fiton da bai san iyakar da aka shata ba yana iya kusantowa da zuciya ɗaya, a ɗauke shi ɗan fashi. Rashin bayyana iyaka a nan ba ƙaramin zalunci ba ne.

Mazauna Ikko kada su ɗauka maganar ta Bonny ce kaɗai. Tun 2007 kamfanin ke ba kasuwar cikin gida gas ɗin girki, kuma a jirgi a ke kawo shi Apapa. Jirgin yakan shigo ta bakin teku, ya wuce Tarkwa Bay, ya bi mashigin da jiragen fasinja ke ƙetarawa tsakanin Marina da Apapa safe da yamma. Shi wannan gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye ba ya tashi sama, kwanciya ya ke yi a kwari da kwata da ƙasan jirgi yana jiran wuta. A kewaye da shi kuwa ma'ajin fetur ne, da tankoki a layi, da masu shayi da masu tsire da murhunsu.

To, saura laifin gida, domin ba a yi adalci ba in aka ɓoye shi. Wane ne ke matsa wa mai fito ya ƙara buhu biyar a kan lodin da ya riga ya kai wuya? Wane ne ke neman jirgin dare domin ya riski kasuwar asuba? Wane ne in aka miƙa masa rigar ruwa sai ya ce in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa, alhali shi ɗin nan ba ya barin shagonsa a buɗe da dare? Wane ne in ya hango babban jirgi sai ya ce wa yaron jirgi ya taka wuta a riga shi wucewa? Ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 sun hana tafiyar dare da wuce kima a lodi, sun wajabta rigar ruwa, kuma 'yan Arewa sun fi kowa sanin dalili. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Warrah a Jihar Kebbi, kaɗan suka tsira. A Yuni 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara, suna dawowa daga biki da dare. Akwai kuma wata ɗabi'a da ta fi wannan muni, ta rugawa wurin haɗari da bokiti. Ita ta kashe fiye da mutum 1,000 a Jesse a 1998, ita ta kashe fiye da 150 a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoba 2024. Ruwan gas ba ya ɗibuwa a jarka. Wanda ya taɓa shi sanyinsa zai ƙone masa hannu, wanda ya shiga hazonsa da inji a kunne shi ne ashanar. Duk wanda ya ga farin hazo yana fita daga jirgi ya kwanta a kan ruwa, ya kashe duk wata wuta, ya nisanta ta wajen da iska ke busowa.

Abin da a ke bukata ba ya buƙatar jirgin yaƙi. Hukumomin nan su zauna tare da kamfanin da ƙungiyoyin masu fito da na masunta, su ƙayyade tazarar da ta dace da ko wane sashe na kogi, a zana ta da hoto a manna a ko wace tasha, yadda wanda bai iya karatu ba zai gane. A riƙa sanar da wucewar jirgi tun da sauran lokacin janye taru, ta gidan rediyo da saƙon waya da bakin shugabannin tasha, da Buroka da Ibani da harshen Okrika da Ibo da Hausa. Masu cewa wannan zai tona wa 'yan fashi asirin jirgi su tuna cewa mai waya a hannu yana iya ganin inda manyan jirage su ke ta intanet, kuma abu mai tsawon filin ƙwallo uku ba ya ɓuya. Wanda kaɗai sirrin ke ɓoye wa labari shi ne masunci. Ko wace tasha ta sami oba-oba da wanda ya iya amfani da ita, ko wane jirgin fito ya sami fitila da ɗan faifan ƙarfen da ke sa rada ta gan shi. Jirgin da ke share hanya ya ɗauki mai jin harshen wurin, da lasifika, da igiyar jan kwalekwalen da injinsa ya mutu. Tarun da jirgi ya yaga a biya mai shi ba tare da ya yi wata shida yana zarya ba. A kuma riƙa buga adadin lokutan da aka yi kusan karo, domin daga nan a ke gane inda bango ya soma tsagewa. Kuɗin wannan duka ya fito daga kuɗin mashigi da a ke karɓa a hannun jiragen.

Sarakunan Hausawa na Fatakwal da Bonny da Apapa, da shugabannin 'yan albasa da na direbobin tanka, suna da bakin da a ke ji. Kamar yadda su kan tashi tsaye in an ƙara kuɗin rumfa, su nemi kujera a wannan zama, su kuma ɗauki nauyin isar da bayanin ga baƙon da ya sauko daga mota jiya, tun kafin ya sa ƙafa a jirgi.

Hanyar mota ta Bodo zuwa Bonny, wadda aka soma a 2017 da kuɗin da kamfanin gas ya zuba a madadin haraji, alheri ce ga fasinja, amma ba ta raba masunci da kogi, ba ta kuma isa ƙauyukan da ke cikin surƙuƙin ruwa. Layi na 7 na masana'antar, wanda aka yanke shawarar ginawa a Disamba 2019, an tsara shi ne ya kai abin da a ke fitarwa tan miliyan 30 a shekara. Ƙarin tan miliyan 8 ke nan, watau ƙarin jirgi fiye da 100, shiga da fita sau fiye da 200 a ko wace shekara, ta wannan bakin kogi guda.